Me ya kawo kalmar “love” cikin lissafin makin wasan tanis?

Tambaya: Malam, ina kallon gasar tanis a talabijin, sai na riƙa jin alƙalin wasa yana cewa “fifteen-love” ko “love-thirty”. Ni dai a sanina wannan kalma soyayya take nufi. Me ya haɗa soyayya da ƙirgen maki?

Amsa: A bakin alƙalin tanis, kalmar “love” ba ta da wata ma'ana da ta wuce sifiri, wato ɗan wasa bai samu maki ko ɗaya ba. Aikinta ɗaya ne da na “nema” a bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa idan suka ce an tashi biyu da nema. Makin tanis yana tafiya ne daga sifiri zuwa 15, sai 30, sai 40, kuma ƙa'ida ita ce a fara faɗin makin wanda ke buga ƙwallon farko. Saboda haka “fifteen-love” na nufin mai bugun farko yana da maki ɗaya abokin karawarsa ba shi da komai, “love-thirty” kuwa na nufin shi ne ba shi da komai alhali an ci shi sau biyu.

Ana amfani da kalmar a matakin da ya fi wannan girma ma. Idan ɗan wasa ya lashe turmi guda, wato babban zagaye mai ƙunshe da ƙananan wasanni, da ci 6-0, masu sharhi kan ce “six-love”, kamar yadda aka ji sau biyu a wasan ƙarshe na mata a gasar Wimbledon ta Ingila a 2025, lokacin da Iga Swiatek ta Poland ta doke Amanda Anisimova ta Amurka da 6-0 da 6-0. Steffi Graf ta yi wa Natasha Zvereva irin wannan cin kaca a wasan ƙarshe na gasar Roland Garros ta Faransa a 1988. A badminton kuwa da kalmar ake buɗe wasa, domin alƙali kan ce “love all, play”, ma'ana kowa yana kan sifiri, a fara. Amma a wasan raba gardama na tanis, wanda ake yi idan turmi ya kai 6-6, dokar Hukumar Tanis ta Duniya ta ce a ƙirga da lambobi na yau da kullum, a kuma kira sifirin da “zero”.

Batun asalin kalmar ne ya raba kan masana. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa ta fito daga “l'œuf” ta Faransanci, wato ƙwai, saboda siffar ƙwai ta yi kama da sifiri, kuma furucin kalmomin biyu yana da kusanci. Labarin yana da daɗin ji, tun da tsohon wasan da ya haifi tanis a Faransa ya bunƙasa, kuma Turawan Ingila da kansu suna kiran sifiri da ƙwan agwagwa a wasan kurket. Rauninsa shi ne ba a samu rubutacciyar shaidar cewa Faransawa sun taɓa kiran sifirin tanis da ƙwai ba, kuma har gobe alƙalai a Roland Garros “zéro” suke cewa.

Bayanin da na fi gamsuwa da shi yana cikin Ingilishin kansa. Tun da daɗewa ana cewa mutum ya yi wasa “for love” idan ya yi shi don sha'awa kawai, ba a sa kuɗi ba kuma ba a cin komai. Daga nan kalmar ta ɗauki ma'anar babu, ta kuma shiga ƙirgen maki a wasanni tun kafin a fara gasar Wimbledon a 1877. Idan an bi wannan hanya, ma'anar da ka sani ita ce tushen, sai dai ƙaunar wasa ake nufi, ba ta saurayi da budurwa ba.

A kula kuma, wannan ma'ana ba ta fita daga fagen irin waɗannan wasanni. Bature ba ya cewa “love” idan yana nufin sifiri a lissafi ko a lambar waya, kuma a ƙwallon ƙafa “nil” mutanen Ingila suke cewa.