Ɓoye tambari a cikin hoton kwali: amsa ga Alhaji mai turare

Salamu alaikum. Alhaji, ka ce ana kwaikwayon kwalin turarenka ana zubawa a kasuwa a Agege, kana tambaya ko da gaske ana iya ɓoye alama a cikin hoto. Da gaske ne, na yi da hannuna. Shekarata 11 ina aikin ɗab'i a Shomolu.

Ka kanga wa hoton jarida gilashin ƙara girma, za ka ga ɗige-ɗige ne zalla. Inji bai san ruwan toka ba, ko dai ya sa tawada ko ya bari. Inda duhu ɗigon manya, inda haske ƙanana. Jarida takan ɗauki layin ɗigo 85 a inci guda, kwali mai sheƙi kuwa 150. To a gurbin da tambarinka zai zauna sai a gusa ɗigon da rabin tazarar da ke tsakaninsu. Duhun wurin bai sauya ba, ido ba ya kamawa. Amma ka ɗora fim, wato ledar da ake ganin abu ta cikinta, mai layuka daidai da wannan tazara, ka ɗan karkata shi, sai tambarin ya fito ɓaro-ɓaro. Ranar da na fara gani, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Akwai wata hanyar kuma, ta haɗa hotuna biyu a ga na uku, tushenta aikin wasu masana biyu, Naor da Shamir, na 1994, amma saitinta da wuya, ba ta ɗan kasuwa ba ce.

Aikina na farko asara na tafka. Damina ce, takardar mai araha, ga laimar Legas ta shige ta. Tawada ta baje, ɗigo ya haɗe da ɗigo. Na yi ta juya fim a gaban mai kaya, ko alama babu. Ni na biya kuɗin takardar. Don haka a yi maka gwaji a kan ainihin kwalin, a injin da zai buga shi. A ɓoye alamar a baƙar tawada, ba a rawaya ba, rawaya ba ta da ƙarfi. Kada a tura aikin a matsayin hoto ta WhatsApp, matse shi take yi.

Ba zan rufe ka ba Alhaji, wannan ba ya hana ɓarawo bugawa, kuma mai na'urar kwafi mai kyau yana iya ɗauke ɗigon. Amfaninsa ka bambance naka da na jabu a gaban dillali. Fim ɗin kuwa kada ya kwana a shagon mai ɗab'i, ka karɓe shi ranar da ka karɓi kaya.