Katafila Tana Mutuwa Idan Ta Yi Zafi: Laifin Famfon Injekta Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da katafila ƙirar D7G da nake bayarwa haya ana share gonaki da ita. Da safe tana tashi ba gardama, amma idan ta yi kamar awa biyu tana aiki sai ƙarfinta ya ragu, ta riƙa shessheƙa da farin hayaƙi, wani lokaci ta mutu, kuma ba ta sake tashi sai ta huce. Bakanikena ya ce a kwance famfon injekta, wato babban famfon da ke tura mai da ƙarfi zuwa cikin inji, a kai Kano, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Mene ne shawararku?
Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kawo sauƙi. Ba zan ce bakanikenka ya yi kuskure ba, domin ƙin tashi sai inji ya huce yana cikin alamomin famfon da ya gaji. Sai dai ina roƙonka kada a taɓa ko noti ɗaya a jikinsa kafin a tabbatar cewa man da ke isa gare shi isasshe ne, tsabtatacce ne, kuma babu iska a cikinsa. Injin 3306 mai silinda shida da ke cikin D7G ba shi da kwamfuta, saboda haka kusan duk binciken nan za a iya yin sa a gona da sifana da kwalba da guntun tiyo.

Ka fara da murfin tanki. Akwai ƙaramar kafa a jikinsa da iska ke bi ta maye gurbin man da inji ya sha, kuma a wurin sharar gona ƙura da ƙaiƙayi ba sa daɗewa ba su toshe ta ba. Idan ta toshe, injin zai yi aiki lafiya na ɗan lokaci, sannan mai ya daina saukowa, bayan an huta kuma iska ta sulale ciki ya sake tashi, har a ɗauka hucewa ce ta gyara shi. Da zarar ta mutu, sa direba ya buɗe murfin a hankali yana sauraro. Idan ya ji tankin ya zuƙi iska, ka gano ɓarawonka. Na taɓa ganin wata katafila ƙirar D6 da aka kwance wa famfo sau biyu, alhali wannan kafa ce kawai ta toshe.

Daga nan a buɗe magudanar da ke ƙasan tanki a tari mai a farar kwalba, a ajiye ta a inuwa ta kwanta. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka za ka gan shi a gindin kwalbar da layi a fili tsakaninsu, sau da yawa tare da jan tsatsa ko baƙar lakar da ke toshe filta. A sauya filtocin mai, a wanke ragar da ke kan hanyar man, sannan a lura da agogon matsin mai a daidai lokacin da katafila ke tura ƙasa. Idan allurar tana faɗuwa da zarar aiki ya yi nauyi, matsalar tana kan hanyar man kafin ya isa babban famfo, ko dai a filta, ko a ƙaramin famfon da ke janyo mai daga tanki, ko a tiyon da ya ruɓe daga ciki.

Iska ta fi wuyar kamawa, saboda tsagar da ke ɓangaren zuƙo mai ba lallai ba ne ta ɗiga, tana dai shan iska ne kawai. A ɗaura guntun tiyo mai haske a gaban filta, a bar injin ya yi zafi, a duba ko kumfa na wucewa.

Idan duk wannan ya fita lafiya, to, yanzu ne za a juya kan nozil, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, da famfo. Ana barin injin a ƙaramin gudu, a sassauta notin bututun mai na silinda ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta sautin injin ya canza, yana aiki. Wanda kuwa aka sassauta ba a ji bambanci ba, da ma ba ya ba da komai, sai a musanya nozil ɗinsa da na maƙwabcinsa a ga ko laifin zai bi nozil ko zai tsaya a wurin. Ina jan kunne sosai a nan: kada kowa ya sa yatsa yana laluben inda mai ke fita, domin ƙarfinsa yana huda fata, kuma raunin yakan kai ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti ba.

Dalilin da ya sa gajiyayyen famfo ke ƙin tashi da zafi shi ne, kowace filanja, wato ɗan sandan ƙarfen da ke matse mai a cikin famfo, tana motsi ne a cikin gidanta da rata wadda ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan yashi ko ruwa ko gas ɗin da aka gauraya da kananzir suka ci ƙarfen har ratar ta faɗaɗa, mai sanyi mai ɗan kauri yana iya toshe giɓin da safe, amma idan ya yi zafi ya tsinke sai ya riƙa zurarewa ta gefe maimakon ya buɗe nozil. Wasu injinan 3306 na shekarun 1970 ma gas ne kaɗai ke shafe cikin famfonsu, shi ya sa ruwa kaɗan ke yi musu mummunar ɓarna.

Idan ta kai ga kwancewa, ka kai shi wurin da ke da injin gwajin famfo, ka haɗa da nozil shida a gwada su tare. Filanja da gidanta tare ake yin su, ba a haɗa ta wannan da gidan waccan. Wajen mayarwa a daidaita taimin, wato lokacin da famfo ke tura mai, da fil ɗinsa, silinda ta ɗaya tana saman matsi, ba da kintace ba, kuma kada ka yarda a ɓalle hatimin famfo a ƙara mai don neman ƙarfi, domin baƙin hayaƙi da ƙonewar fistin ne ke biyo baya. Ranar tashin farko a tanadi katako kusa da bakin shan iska, saboda idan rak, wato sandar da ke ƙara ko rage mai a cikin famfo, ya maƙale, injin zai yi ta gudu ba ya jin kashewa, kuma toshe masa iska da katakon ne zai tsayar da shi da sauri. Ba a yin wannan da tafin hannu.

TAMBAYA: Baƙin man D6 ɗina yana ƙaruwa maimakon ya ragu, kuma yana warin gas. Zan iya ci gaba da aiki zuwa ƙarshen kwangila?
Daga wani direba a Gombe.

AMSA: A'a, Malam, ka tsayar da ita yau. Gas ne ke zuba cikin baƙin mai, galibi ta sil ɗin famfo da ya lalace ko ta nozil mai ɗiga, kuma baƙin man da ya tsinke ba ya kare metal da kiranshaf. Ka ɗiga shi a kan farar takarda, za ka ga da'ira mai haske ta bazu da sauri a kewayen baƙin ɗigon. A gano inda yake zuba a gyara, sannan a zubar da man duka a sauya shi tare da filtarsa kafin a sake tayar da injin.