Amsa ga mai tambayar garuruwan duwatsu na yammacin Kamaru

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ya yi tambaya shekaranjiya, ka ce ka samu hutun sati uku, kana son ka kai iyali yammacin Kamaru don ka ji ƙasar tuddai ce, amma ba ka san abin da ake gani a ƙananan garuruwansu ba. Na ga wasu sun ce ka zarce Duwala kawai ka ga teku. Ban goyi bayan haka ba. Shekara biyar na yi a Fumbot, wani gari na wannan yankin, wajen kawuna muna lodin tumatur kafin in dawo Damagaram, kuma har yau in zafin Afrilu ya taso, can zuciyata take komawa.

Kada ka yi masauki a Bafusam. Babban gari ne na tasha da kasuwa, ga hayaniya. Ka sauka, ka canza mota, ka nufi Fumban, tafiyar kilomita 70 ce ko kusa da haka. A can za ka fi sakin jiki, domin yawancin Bamun, wato ƙabilar garin, musulmi ne, ga masallatai, kuma a kasuwa ba za ka rasa mai jin Hausa ba. Kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa wannan yanki neman goro.

Abin da ya sa nake nacewa a kan Fumban shi ne Sarki Ibrahim Njoya. Wannan bawan Allah, tun wajen 1896, ya zauna da mutanensa suka ƙirƙiro wa harshensu rubutu na kansu, ba ajami ba, ba boko ba. Da alamu ɗaruruwa ya fara, ya yi ta ragewa har suka koma 80. Ya buɗe makarantu, aka rubuta tarihin masarauta da magunguna da shi. Faransawa suka tsorata da shi, suka raba shi da garinsa, ya rasu a Yawunde a 1933. Fadarsa ta jan bulo mai hawa uku, wadda aka gina a 1917, tana nan tsaye. Ran da na fara ganin takardun da idona sai da jikina ya yi sanyi. Na tuna fadarmu ta Birni a Damagaram, na ce ina ma yaranmu su zo su ga wannan. Yanzu kusa da fadar akwai sabon gidan tarihi da aka buɗe a 2024, an gina shi da siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo a sama, tambarin Bamun ke nan. Ka ba shi yini guda cur. Gadon sarautar Njoya na duwatsun ado kuwa yana Balin ta Jamus tun 1908, wani ne za ka gani a madadinsa. Da yamma ka bi ta unguwar maƙera da masassaƙa, ka yi ciniki a tsanake, farashin farko na baƙo ne.

In tafiyarka ta dace da bikin Nguwon, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, to ka yi sa'a. A ranar sarki yakan tsaya a gaban jama'a a karanta masa koke-koken talakawa kafin ya koma kan karagarsa.

Daga Fumbot ake hawa dutsen Mbapit. A samansa akwai tabki cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, ruwa kore shar, kewaye da gangare. Ka ɗauki ɗan rakiya a ƙauyen da ke gindinsa, ku fita bayan asuba, kuma kada yara su matsa bakin ramin. Ni sau ɗaya na hau da silifas bayan an yi ruwa, na zame na gurɗe ƙafa, sati biyu ban je kasuwa ba. Takalmi mai kama ƙasa za ka sa.

Ɓangaren ƙabilar Bamileke kuma, Banjun na kusa da Bafusam, akwai katafariyar bukkar fada mai ginshiƙan itace sassaƙaƙƙu. Garin Cang, wanda suke rubutawa Dschang, yana kan tudu mai tsayin mita 1,400, da gidan tarihi a bakin tabki, da hazo da safe kamar hayaƙi. A Mbuda ka sayi piya. Akwai kuma magangarar ruwa ta Mece a hanyar Mbuda. Wurin na da kyau amma yana da nauyi: a nan aka riƙa jefa masu neman ƴancin kai a zamanin Faransawa, kuma har yanzu mutane na kai gishiri da manja. Ka je da natsuwa, kada ka taɓa abin da ka tarar.

A wannan ɓangaren ka riƙa tambayar nama kafin ka ci, ana cin alade sosai. Ka nemi mai tukuba Bahaushe ko Bafulatani. A Fumban kuwa ka ci tuwon masara da miyar ganyen njabce hankalinka kwance.

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, sauran watanni ruwa ne da taɓo. Ka tafi da rigunan sanyi, musamman na yara. Sefarmu ba ta ci a can, sai ka canza zuwa tasu, darajarsu ɗaya amma masu canji na cire nasu. Fasfo da katin allurar shawara su kasance a jikinka, shingaye na da yawa. Ni ta Kano da Yola da Garwa nake bi, in hau jirgin ƙasa na dare daga Gaundare zuwa Yawunde, sannan bas zuwa Bafusam.

Abu ɗaya nake roƙonka: daga Mbuda kada ka zarce Bamenda da iyali, ko da direba ya ce lafiya lau. Tun 2017 ake rikici a yankin masu jin Ingilishi. In ka tsayar da rana ka yi mini magana ta gefe, ɗan kawuna na Fumbot har yanzu, zai tare ku a tasha.