Ku Tambaya Mu Amsa: Gidan Zane-zanen Wida Ya Cancanci Tafiyar?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, kuma nakan je Kwatano sayen motoci. A wannan karon zan tafi da maiɗakina da yara uku. Wani abokin hulɗata ya ce in kai su gidan zane-zane na garin Wida, amma na ji an ce wurin ƙarami ne, ga shi kuma garin ya yi suna da bautar gumaka. Shin tafiyar za ta biya kuɗin mai, kuma akwai abin da zai sosa wa Musulmi rai?

Amsa: Alhaji, wanda ya ce maka wurin ƙarami ne bai yi ƙarya ba, domin mai gaggawa zai zagaye shi kafin shayinsa ya huce. Sai dai shawarata ita ce ka je, muddin ba za ka shige shi da saurin da kake ratsa kasuwar motoci ba.

Wida, wadda Faransawa ke rubutawa Ouidah, tana Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Gidauniyar Zinsou, wadda Marie-Cécile Zinsou ta kafa a 2005, ita ce ta buɗe gidan a 2013, a cikin wani tsohon bene mai suna Villa Ajavon da aka gina a 1922, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ka tsaya ka dubi ginin kansa tun daga waje, domin salonsa na 'yantattun bayin da suka dawo daga Barazil ne, waɗanda ake kira Aguda. Dawowarsu ta ƙaru ne bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1835, tawayen da Yarabawa suka fi yawa a cikinsa amma har da Hausawa, saboda haka tarihin bai yi nisa da kai kamar yadda kake zato ba.

Ana sauya ayyukan da ake bajewa lokaci zuwa lokaci, don haka abin da abokinka ya gani ba lalle ne ka tarar da shi ba. Idan ka yi sa'a za ka dace da aikin Romuald Hazoumè, mutumin Porto-Novo da aka haifa a 1962, wanda yake yanke saman jarkar roba ya mayar da ita fuskar mutum. Mariƙin jarkar shi ne hanci, bakin da ake zuba mai shi ne bakin fuskar, sannan ya liƙa mata tsumma ko waya ko tsintsiya a matsayin gashi. Jarkokin nan ka san su sarai, su ne waɗanda ake ɗaure wa babur hagu da dama ana tsallako da fetur daga Najeriya, man da mutanen Benin ke kira kpayo suna sayarwa a kwalabe a gefen titi. Baƙo yakan fara da dariya, sai ya lura da yadda robar ta kumbura ta yi baƙi saboda an gasa ta don ta ƙara ɗaukar mai, ya tuna cewa mai babur ɗin yana tafe ne a kan abin da tartsatsi ɗaya zai iya tayarwa. A nan ne ƙanƙantar wurin take da amfani, domin babu turereniya, kuma ɗan jagora yana da lokacin amsa tambayar yaro.

Game da gumaka kuwa, a raba abu biyu. Gidan ba wurin bauta ba ne, ayyukan masu fasahar Afirka na wannan zamani ake nunawa, har da hotunan da aka ɗauka da kyamara. Amma ba zan ɓoye maka ba, wasu zane-zanen suna ɗauke da alamomin addinin gargajiya na Vodun, musamman na marigayi Cyprien Tokoudagba na Abomey, kuma akwai sassaƙe-sassaƙe masu siffar mutane. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wani ɗaki ba sai ya wuce na gaba. Wurin bautar mesa, wanda ke fuskantar babban cocin Katolika na garin, shi ne ainihin abin da ka ji labari, kuma zuwa can zaɓi ne daban. Ka kuma kauce wa ranar 10 ga Janairu da kwanakin da ke kewaye da ita, lokacin bikin Vodun, domin garin yakan cika maƙil.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Maraɗi. An ce gidan yana bakin teku, shin daga cikinsa ana hango ruwa?

Amsa: Malama, ba a bakin ruwa yake ba, yana cikin gari ne. Tsakanin garin da teku akwai hanya mai tsawon kusan kilomita 4, wadda a da ake kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa, kuma a ƙarshenta ne aka gina Ƙofar da Ba a Dawowa a 1995 tare da haɗin gwiwar UNESCO. Na fi son a fara da gidan zane-zanen da hantsi, a bar hanyar sai rana ta yi sanyi, saboda wanda ya fara da ƙofar yakan dawo jikinsa a mace, ba ya iya tsayawa gaban zane da natsuwa. Tun da kina jin Faransanci, ba za ki sha wahala da 'yan jagora ba. Idan da ɗalibai za ki je, ki hana su shiga ruwan ko da wasa, domin igiyar tekun wannan gaɓa tana da ƙarfin ja ƙwarai, ba kamar ta gulbi ba.