Me ya sa kalmomin Turanci da nake juyawa zuwa Rashanci ba sa zama daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatun likitanci a Kazan, kafin na tafi na rubuta kalmomin Turanci kusan 500 ina juya su zuwa Rashanci da Google Translate ina haddacewa, amma da na tura wa wani ɗan ajinmu saƙo sai ya ce bai gane me nake nufi ba. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. Matsalar ita ce kana ba injin kalma ita kaɗai tsirara, shi kuma Rashanci ba ya yarda ya ba ka kalma sai ka faɗa masa waye yake yi, ta yaya, kuma an gama ko ba a gama ba.

Ɗauki "go" misali, ɗaya ce tal a Turanci amma Barashe sai ya tambaye ka da ƙafa ne ko a mota. In da ƙafa ne yanzu kana kan hanya, idti ne, in kullum kake zuwa kana dawowa hodit ne, in kuma a mota ko jirgin ƙasa ne sai ya koma yehat da yezdit. To ka ga idan ka rubuta "ya idu v Moskvu" kana Kazan, ka ce masa ne a ƙasa za ka taka har Mosko, tafiyar da ta haura kilomita 700, abin da ya kamata shi ne "ya yedu v Moskvu". Ka lura ma da sunan garin, Moskva ne a ƙamus, amma zuwa can v Moskvu, zama a can v Moskve, fitowa daga can iz Moskvy, don suna yana canza wutsiya har kala 6 gwargwadon aikinsa a jimla, kuma wannan jerin kalmominka ba zai taɓa nuna maka shi ba.

Abin da nake yawan faɗa wa ɗalibanmu shi ne ku daina bi ta Turanci a komai, wallahi sau da yawa Hausa ta fi kusa. Bature yana raba "hand" da "arm", yana raba "foot" da "leg", Barashe kuwa ruka kawai yake cewa kamar yadda muke cewa hannu, noga kuma ƙafa tun daga cinya har tafi. Kusan kowane aikatau nasu tagwaye ne, pit da vypit, chitat da prochitat, kuma in ka tuna bambancin sha da shanye, karanta da karance, ka kama rabin zancen tun kafin malami ya buɗe baki. Haka ty da vy, abokinka ty, malaminka ko dattijo vy, daidai da yadda muke ce wa babba "ku". Har sautin murya ma, muka in ka danna farkonta azaba ce, in ka danna ƙarshenta garin fulawa ce, mu da muka san garin Kano daban garin tuwo daban ai wannan ba zai ba mu tsoro ba. Don haka duk kalmar da ka rubuta ka sa mata alama a inda ake dannawa, domin littattafansu na yau da kullum ba sa sawa.

Sai kalmomi masu kama da na Turanci, su ne suka fi damuna a kanka tunda asibiti za ka shiga. Magazin kanti ne, familiya sunan dangi ne, wato "surname", da ake cikewa a fom, waɗannan in ka yi kuskure gyara maka kawai za a yi. Amma insult a bakin likitan Rasha shanyewar ɓarin jiki ne, angina kuma ciwon makogwaro ne mai kumburi, alhali "angina" ta Turanci ciwon ƙirji ne na zuciya wanda su suke kira stenokardiya. Ka dubi nisan da ke tsakanin makogwaro da zuciya a takardar mara lafiya.

Ga yadda za ka yi da kalmomin nan 500. Ka fara zaunar da haruffansu 33 ka bar rubuta Rashanci da baƙaƙen boko, sati biyu ya isa in ka dage. Sannan kowace kalma ka sa ta a gajeriyar jimla kafin ka ba injin, ka gwada a Yandex ma, injin fassara na Rasha, ka kwatanta, in sun saɓa ka buɗe ƙamus ɗin intanet na Multitran, shi yana jera ma'anoni fanni fanni har da na likitanci. A littafinka kowane suna ka rubuta namiji ne ko mace ko na ukun da ba namiji ba mace, kowane aikatau da ɗan tagwayensa, gefe guda kuma fassarar Hausa. Shekarar farko ta share fage dama ta koyon harshe ce, ka je da 150 da ka iya sa su a jimla, sauran kuma malaman can za su ɗora maka.