Ajiye sukudireban nan kafin ka jawo wa kanka biyan kan inji

Kai yaro, na ga saƙonka tun bayan la'asar, da hoton da ka ɗauka duk duhu kamar cikin rijiya. Ka ce an kawo maka tsohuwar Honda CG125 'yar Japan, ta faɗi, haƙarƙari uku na kan injin, wato fallayen nan da iska ke bi tsakaninsu ta sanyaya shi, sun lanƙwashe har sun kusa mannewa da juna, kana tambaya ko ka cusa sukudireba ka ɓanɓare su ko ka kama da filaya. Da kana gabana da na karɓe sukudireban na miƙa maka tsintsiya. Shekara huɗu kana wanke mini sifana, in har ba ka ga yadda nake yi ba, to idonka na kan waya. Ban so amsa maka ba ma. Abin da ya zaunar da ni shi ne tambayar taka ta tono mini wani mutum da har yau in na tuna shi tuwo ba ya wuce mini.

A 1988 ne, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, amma wanga abu tun da damina ya faru, ana saura 'yan kwanaki babbar salla. Ban daɗe da barin hannun maigidana ba, ina da 'yar rumfar kwano da benci ɗaya. SAP ɗin Babangida, wato tsarin tsuke bakin aljihu, ya riga ya shaƙe kowa, naira ta faɗi, kayan Japan sun yi tsadar da ko filogi sai ka kankare shi sau uku kafin ka yarda ya mutu. Sai ga wani Alhaji, ba zan faɗi unguwarsu ba don 'ya'yanshi na gaishe ni a masallaci, an turo mishi babur ɗinshi Honda Roadmaster. Kai ba ka san darajar Roadmaster ba. Silinda biyu ne ƙarƙashin kai ɗaya, in tana tafe daga nesa ka san babban mutum ne. Ya ce yaron gidanshi ya zame da ita cikin laka a hanyar Wamakko. Haƙarƙari biyu na gefen dama sun kwanta, injin kuwa sai ƙyalli yake da sabon fentin azurfa. Ya ce, "Malam, ɗan taɓa mini su kawai, da ita nake son zuwa idi."

Fentin nan ya kamata ya tsayar da ni. Wane mahaukaci ne zai fesa wa inji fenti bayan faɗuwa ya bar lanƙwasa a wurin? Amma ina da ƙuruciya, mutane sun cika benci, ina son a ga hannuna. Ban wanke ba, ban ƙwanƙwasa ba, ko sauke kan ban yi ba. Na kunna gas na gifta wuta, sai na ji wari kamar an ƙona silifas, na ce wa raina ai fenti ne. Na sa ƙarfe na ɗan ɗaga. Ƙas! Haƙarƙarin ya faɗo cikin yashi, ya tafi da rabin na ƙasanshi, karayar ta gangara har kusa da ramin filogi. Alhaji ya dafe kai yana salati kamar an yi mishi mutuwa.

Na duƙa na ɗauki guntun na juya. Ka riƙe wannan da kyau: sabuwar karayar goran ruwa, wato alminiyam, fara ce tas, da tsaki-tsaki kamar sukari. Wadda ke hannuna kuwa fiye da rabinta baƙa ce wuluk da tsohon mai, ga busasshen gam ya yi ɓawo a bakinta. Na nuna mishi. Ya ce wutata ce ta baƙanta ta. Munka je gaban manyan sana'a, anka tambaye ni ko na nuna mishi tsaga kafin in taɓa, na ce a'a. Anka ce ina da shaida, na ce babu. Mutanen bencin duk abin da sunka gani shi ne ƙarfe a hannuna da guntu a ƙasa. Anka yanke in saya mishi kai. Na zagaye Sakkwato babu, sai da na hau mota zuwa Kano, na kwana biyu ina bin 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa kafin na samu na hannu mai kyau. Ragon layyata ya tafi, keken ɗinkin uwargida ya bi shi. Har yau in anka ambaci keken ɗinki a gidana sai ta dube ni ta gefen ido. Kuma da na ɗaura mishi, ya ce tsohon kan ai nashi ne, ya sa anka ɗaure a bayan babur. Ko kuɗin gasket bai ba ni ba.

Bayan shekara biyu yaron nan ya bar gidanshi, ya zo shan shayi kusa da rumfata, shi ya warware mini. A zaure sunka ɓanɓare haƙarƙarin da libar taya, ya tsage, sunka cika tsagar da gam mai haɗi biyu, sunka fesa fenti, sannan anka nemi sabon makanike da bai san duniya ba. Ni ne anka samu.

To ka ji dalilin da ya sa aikin farko ba na miƙewa ba ne. Sauke kan, ba sai na koya maka kwance ƙusa ba. Wanke shi da kalanzir da buroshi har gindin kowane haƙarƙari. Rataya shi da waya ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da ƙaramin sifana. Lafiyayye zai yi maka ƙara siririya mai ja, mai tsaga kuwa sai ka ji taf, kamar ka bugi fasasshen ƙoƙo. In akwai 'yan robobin nan da ake cusawa tsakanin haƙarƙari don kashe ƙara, cire su tukuna, in ba haka ba duk za su yi maka taf. Wanda kake zargi, jiƙa shi da kalanzir, bar shi ya ɗan sha, goge ya bushe, ka shafa alli. Kalanzir ɗin da ya ɓuya cikin tsaga zai fito ya zana maka layi a kan allin, siriri kamar gashi. Kuma duk wannan a gaban mai babur za ka yi shi, da mutum biyu a tsaye. Ka sa yatsanshi a kan layin. Ka ce mishi da bakinka zai iya karyewa, ya ce ya ji ya yarda. Wayar da kuke kallon rawa da ita dare da rana, ga ranar amfaninta.

Sannan ka san ƙarfen da ke hannunka. Sa maganaɗisu a bakin haƙarƙarin. In ya kama, ƙarfen zubi ne, irin bulok ɗin tsofaffin baburan Ingila su BSA da na ƙananan Honda C50 da C70. Wannan ba ya lanƙwasa, karyewa yake, in ka ga kamar ya karkace to bar shi yadda Allah ya bar shi. In bai kama ba, goran ruwa ne, kamar kan CG ɗin da ke gabanka. Shi yana yarda ya lanƙwashe sau ɗaya, amma wurin da ya lanƙwashe ya riga ya taurare, in ka mayar da shi a sanyi nan zai tsage. Ka taɓa karya waya da hannu, kana kai ta kana dawo da ita? To shi a dawowar farko yake tafiya.

Tambayi kanka ma ko aikin ya zama dole. In iska na wucewa tsakaninsu, karkacewar ido kawai take damu, inji bai san da ita ba. Babur ɗin da ke mutuwa da zafi a garin nan ba lanƙwasar haƙarƙari ke kashe shi ba. Baƙin mai ne ke tsiyaya daga gasket, ƙurar hunturu ta bi ta zauna, ya zama laka ya toshe ko'ina, sannan a shiga Afrilu zafi ya haura 40, ɗan kabu-kabu ya ɗora mutum biyu da buhun albasa ya nufi Illela bai tsaya ba. Ko kuma waɗannan yaran masu lafta wa inji fentin mai kauri don ya yi kyau a hoto, sun lulluɓe shi da bargo ba su sani ba. Amma naka ka ce sun kusa mannewa, iska ta daina bi, don haka sai an buɗe.

Ɗumama kan gaba ɗaya tukuna, kada ka kai wuta wuri guda a kan ƙarfe mai sanyi. Mu nan Allah ya hutar da mu, ɗora shi bisa kwano da rana tsaka ya isa farawa. Goga sabulun wanki na sanda a kan lanƙwasar. Goran ruwa munafuki ne, ba ya yin ja kamar ƙarfe ya gargaɗe ka. Tsantsarshi na narkewa a wajen digiri 660, na zubi irin na kan inji ƙasa da haka ma, kana kallonshi fari fes sai ka ga ya zube kamar kitse. Sabulun ne idonka. In ya fara yin ruwan ƙasa ka fara aiki, in ya yi baƙi ka kai wajen 400, janye wuta, kada ka ƙara. Harshen wuta mai laushi, hannu na yawo, a kan haƙarƙarin kaɗai. Kada ka dafa wajen bawul, don goran ruwa ya fi ƙarfe buɗewa da zafi, mazaunin bawul na iya saki, ka gyara kunne ka fasa ido.

Filaya kuwa kada in ji. Haƙoranta za su ci bakin kawai su bar lanƙwasar a ciki. Ni falle biyu na ƙarfe nake da su, na wasa su sumul, ina sa haƙarƙarin a tsakiya kamar takarda cikin littafi yadda ƙarfin zai bazu. Inda ba su shiga, ina fere itacen ƙirya kamar bakin gatari in tura a hankali. Amma ka tuna itacen na tura biyu ne, wanda ya lanƙwashe da maƙwabcinshi mai lafiya, don haka cika ratar bayan maƙwabcin da katako kafin ka miƙe ɗaya ka kwantar da ɗaya. Fara daga inda lanƙwasar ta soma, can ciki, ka biyo waje. Kaɗan, ka sake ɗumamawa, kaɗan. In ka ji ƙarfen ya ƙi, ya huce ne, ba ƙarfi zai ƙara ba. In ka ji 'yar ƙara ƙis, tsaya nan. Kada ka zarce ka ce za ka dawo da shi. Ya kusa daidai, iska na wucewa, ya isa. Bar shi ya huce da kanshi, duk wanda ya kawo ruwa kusa ka kore shi.

In ya karye duk da haka, ba a mutu ba. Guntun gefe ne, goge bakin da zarto ya yi sumul a ci gaba da hawa. In babba ne kuma mai babur na son kyau, kai wa mai waldar argon, ba mai waldar ƙofa ba, bayan nan ka duba fuskar kan a kan gilashi don zafin walda na karkatar da ita, gasket ya riƙa hura. Na ƙarfen zubi da tagulla ake kama shi, a binne cikin toka ya kwana. Gam dai ko da wasa.

Gobe bayan asuba ka zo da kan a buhu, da alli da sabulu, kuma ka taho da mai babur ɗin da ƙafarshi. In ya ce sauri yake, ko na ga sabon fenti a jiki, ɗaukar abinku za ku yi.