Na fara jin haushin marasa lafiyar da nake yi wa wankin ƙoda

Tambaya: Likita, ni nas ce a sashen wankin ƙoda. A da ina son aikina, amma yanzu da asuba in na tuna zan fita sai gabana ya faɗi. Ƙarar inji ma haushi take ba ni, har na fara yi wa marasa lafiya tsawa. Ko zuciyata ce ta bushe?

Amsa: Sista, zuciyar da ta bushe ba ta damuwa har ta yi wannan tambaya. Abin da kika kwatanta gajiyar aiki ce da ta ci jiki ta ci rai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya fara nesanta kansa da aikin ko ya ƙosa da shi, sannan ya ga kamar ba ya tsinana komai.

Sashenku yana da nauyi na daban. A sauran ɗakunan asibiti mara lafiya yakan warke a sallame shi. Naku kuwa, bisa ƙa'ida sau uku yake zuwa a mako, awa huɗu kowane zama, wata da watanni, wani har shekaru. Kin san sunan 'ya'yansa, kin san hannun da jijiyarsa ke wahalar kamawa. Ke ce a tsaye lokacin da jininsa ya yi ƙasa yana kan inji, ƙafa ta ɗaure masa, ga wani injin yana ƙara a bayanki. Abin da ya fi ciwo a nan ƙasar, yawancin mutane daga aljihu suke biya. Sai ki ga mai zuwa sau uku ya koma sau ɗaya, ya dawo a kumbure numfashi da ƙyar, daga baya a zo miki da labarin rasuwarsa, ki kuma haɗa wa na gaba inji ba tare da kin ko zauna ba. Ƙara da abokan aiki da ke tafiya Ingila da Saudiyya, aikin mutum uku ya dawo kan ɗaya.

Shi ya sa ban yarda a ce miki "ki yi haƙuri" kawai ba. Ku haɗu ku je wa matron, wato shugabar nas-nas, da magana ɗaya: a duba yawan marasa lafiya kan kowace nas, a daina jera muku dogon aiki ba hutu a tsakani, a riƙa karɓa-karɓa kan marasa lafiya masu wuyar sha'ani. Hutunki na shekara ki karɓe shi cikakke. In wani ya rasu, ku ɗan zauna tare ku yi masa addu'a, ku faɗi abin da ke ranku.

Amma in abin ya biyo ki gida, barci ya ƙi, abinci ya fita ranki, ko yaranki ba sa faranta miki har sama da mako biyu, ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwar miki, ki ga likitan ƙwaƙwalwa a wannan makon, domin ciwon damuwa yana da magani.